Tabbat Haƙiƙa: Yadda Kari, Amsa-amo da Maimaici Suke Ɗaukar Wa'azin Lahira

Akwai wata waƙa a ƙasar Hausa wadda mutum uku 'yan gida ɗaya suka sa wa hannu, kowa a lokacinsa. Uban, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, shi ya tsara ta da Fulatanci a shekarun da suka biyo bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808. 'Yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa a wajejen 1831, lokacin ɗan'uwanta Muhammadu Bello yana Sarkin Musulmi. Daga baya autan gidan, Isa, wanda aka haifa bayan rasuwar mahaifin nasu a 1817, ya yi mata tahamisi, ya faɗaɗa kowane baiti. Sunan waƙar Tabbat Haƙiƙa, kuma sunan ya samo asali ne daga kalmomi biyun da suke rufe baitocinta.

Lokacin da Shehu ya yi ta, jama'arsa ta riga ta ci nasara, kuma nasarar ta zo da nata ciwon. Mutanen da jiya suka yi hijira daga Degel zuwa Gudu, yau su ne hakimai da alƙalai da masu rabon ganima. Ƙanen Shehu, Abdullahi, ya hango abin tun da wuri, har ransa ya ɓaci ya bar runduna a 1807 da niyyar tafiya Makka. Mutanen Kano ne suka tsayar da shi, a can ya rubuta musu littafi kan yadda ake mulki bisa shari'a. Daga cikin irin wannan damuwa waƙar Shehu ta fito. Tana bin masu riƙe da amana ɗaya bayan ɗaya: mai mulkin da ya zalunci talakawansa, alƙalin da ya karkatar da hukunci, wanda ya kama ɗa ya mayar da shi bawa. Kowanne sai a gaya masa abin da ke jiransa gobe ƙiyama, sannan a rufe masa magana da kalmomin nan biyu.

Waƙar tana da 'yan'uwa da yawa. Akwai Baƙin Mari ta Muhammadu Tukur, almajirin Shehu, da Gangar Wa'azu ta Muhammadu Na Birnin Gwari, da Godaben Gaskiya ta ita Asma'u kanta. Baturen nan C. H. Robinson da ya zo Kano a ƙarshen ƙarni na 19, waƙoƙin da ya samo da ajami ya buga a Ingila a 1896 galibinsu na gargaɗi ne. Mervyn Hiskett ya ba wannan fanni babban gurbi a littafinsa na tarihin waƙoƙin Musulunci na Hausa a 1975, Abdulƙadir Ɗangambo kuma a kan waƙoƙin wa'azi ya yi digirinsa na uku a Landan a 1980. Hanyar da waƙoƙin ke bi da mai sauraro sananniya ce: magagin mutuwa, makara, kabari da tambayarsa, busa ƙaho, tsayuwa cikin zafin rana, karɓar takarda da dama ko da hagu, mizani, siraɗi, sannan makoma, ko wuta ko aljanna.

Babu sabon labari a cikin wannan. Duk yana cikin Alƙur'ani da hadisi da littattafan malamai, kuma Shehu da Abdullahi da Bello sun rubuta littattafai masu yawa da Larabci. To me ya sa mutanen da yaƙi da mulki da karantarwa suka sha wa kai za su zauna suna auna gaɓoɓi? Domin wanda suke nufi da saƙon ba ya karanta Larabci, sau da yawa ma ba ya karatun komai. Babu injin ɗab'i a Sakkwato a wancan zamani, takarda kuwa sai fatake sun ƙetaro Sahara da ita. Asma'u ta san wannan fiye da kowa. Ita ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take naɗa wa shugabar mata, wadda ake kira jaji, malfa, ta tura ta ƙauye ta karantar. Abin da jaji take ɗauka daga gidan Asma'u zuwa ƙauyensu a ka take ɗaukarsa. Dole a ƙera shi yadda zai shiga kai ya zauna, ya fito ba tare da ya zube a hanya ba. Kayan wannan ƙira su ne kari da amsa-amo da maimaici.

Tushen karin rubutacciyar waƙar Hausa nauyin gaɓa ne. Gaɓar Hausa iri uku ce. Akwai baƙi da gajeren wasali, kamar "wu" a cikin wuta. Akwai baƙi da dogon wasali, kamar "ta" a wannan kalmar. Akwai kuma baƙi da wasali da wani baƙin ya rufe, kamar "jan" a cikin aljanna. Ta farko gajera ce, sauran biyun dogaye. Haka Larabci yake lissafa nasa gaɓoɓin, shi ya sa ma'aunin aruli da Halilu ɗan Ahmad ya tsara a Basra a ƙarni na 8, karuruwa 15 da aka ƙara wa ɗaya daga baya suka zama 16, ya zauna wa Hausa kamar don ita aka yi shi. Joseph Greenberg ya nuna wannan dangantaka a rubuce a 1949, Farfesa M. K. M. Galadanci kuma a 1975 ya kira ta aure tsakanin waƙar Larabci da ta Hausa. Malaman zaure sun riga su sanin haka da kunne, tun kafin a rubuta.

Mai karatu zai iya gwadawa da bakinsa. Kalmar duniya gaɓa uku ce: doguwa, gajera, doguwa. Kalmar lahira ma haka take, doguwa, gajera, doguwa. Nauyinsu ɗaya, kowacce cikakkiyar ƙafa ce da masana aruli suke kira faa'ilun, ƙafar karin Mutadarak. Mawaƙi zai iya cire ɗaya ya sa ɗaya a gurbinta, kari bai motsa ba. Mutuwa da kabari su ma tagwaye ne, gajera biyu sannan doguwa, wato wannan ƙafar ce dai idan aka sassauta gaɓarta ta farko, sai ta yi sauri. Hisabi da siraɗi da ƙiyama kuwa duk gajera ɗaya ce da dogaye biyu, fa'uulun ke nan, ƙafar Mutaƙarab. Yawancin waɗannan kalmomi daga Larabci suka shigo, kuma sun shigo da nauyinsu. Mai waƙar lahira da Hausa yakan tarar da rabin kayan aikinsa an riga an auna masa.

Sunan waƙar Shehu ma a auna shi. Tab, bat, ha, ƙi, ƙa: doguwa, doguwa, gajera, doguwa, doguwa. Gaɓoɓi huɗun ƙarshe su ne faa'ilaatun, ƙafar da take rufe ɗango a karin Hafif da na Ramal. Gaɓoɓi biyun farko rufaffu ne, leɓɓa sai sun haɗu sun ɗan tsaya a kan "b" mai ruɓi kafin murya ta wuce, sannan a yi taku ɗaya mara nauyi, sannan a sauka kan dogaye biyu masu "ƙ". Ba a iya faɗin wannan a guje. Duk saurin da mai rerawa ya zo da shi daga farkon ɗango, a nan sai ya rage, kuma a daidai nan ne ake yanke wa mai laifi hukunci.

Babban aikin kari a irin wannan waƙa shi ne gadi. Mai ba da labari da zube zai iya ƙari ko ragi, ba wanda zai gane. Mai rera waƙa kuwa, idan kalma ta faɗi ko ya sa wadda ba ita ba, kunne yakan ji karaya nan take, kamar yadda mata masu lugude suke gane taɓaryar da ta saɓa tun kafin su ɗaga kai. Ta haka waƙa take tsare kanta daga baki zuwa baki, daga Sakkwato zuwa ƙauyen da bai taɓa ganin rubutunta ba. Ba wai ma'aunin ba ya lanƙwasa ba ne. Akwai zihafi da illa, canje-canjen da aruli ya yarda a yi wa ƙafa, su ne suke hana waƙa zama ƙwanƙwasa iri ɗaya. Mawaƙa kuma suna da nasu dabarun: su gajarta kalma, su ɗauko ta Sakkwatanci ko ta Larabci inda ta yau da kullum ta ƙi shiga, su cike gurbi da "fa" ko "kau" ko "dai". Gwani idan ya yi haka ba a lura. Wanda bai ƙware ba kuwa, ɗangonsa yakan cika da waɗannan ƙananan kalmomi har ma'ana ta yi ƙaranci.

Amsa-amo shi ne dawowar sauti ɗaya a ƙarshen ɗango. Da yake yawancin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, abin da ake riƙewa shi ne gaɓar ƙarshe gaba ɗayanta, baƙi da wasalinsa: "ya", "wa", "na", "ba". Manazarta sun raba shi biyu. Babban amsa-amo, ko na waje, shi ne wanda yake rufe kowane baiti daga farkon waƙa zuwa ƙarshenta. Ƙaramin amsa-amo, ko na ciki, shi ne na ɗangogin da ke cikin baiti ɗaya, yana canzawa idan an shiga wani baitin. Larabawa sukan raɗa wa waƙa suna da harafin da take ƙarewa da shi, shi ya sa ake kiran shahararriyar waƙar begen Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da Shehu ya yi da Larabci Daliyya. Wasu gaɓoɓin suna da yalwa. "Ya" da "wa" sun cika ƙarshen sunayen Hausa, kuma da "ya" Sa'adu Zungur ya ja doguwar waƙarsa ta Arewa Jumhuriya ko Mulukiya. "Ba" kuwa ita ce take rufe jimlar korewa, don haka waƙar da ta zaɓe ta takan riƙa saukowa kan abin da bai yiwu ba, ko bai samu ba, ko ba a yi ba. Mai wa'azin da yake son ya nuna ranar da dukiya da 'ya'ya ba su da amfani ya sami abokiyar aiki a wannan gaɓa.

A nan ne aikin Isa yake da daɗin dubawa. Abin da ya tarar ƙwar biyu ne, kowane baiti ɗango biyu. Tahamisi shi ne a zo a ɗora sababbin ɗangogi uku a saman waɗannan biyun, baiti ya zama ƙwar biyar. Sharuɗɗan suna da tsauri. Ɗangogin da aka ƙara sai sun hau karin asali. Sai sun ƙare da sautin da ɗangon farko na asali ya ƙare da shi. Sai kuma sun share wa ma'ana hanya ba tare da sun riga mai waƙar faɗin abin da yake shirin faɗa ba. Mai tahamisi yana magana ne da muryarsa har ɗango uku, sannan ya miƙa wa wanda ya riga shi, kuma idan ya iya, mai sauraro ba zai ji wurin ɗinkin ba. Kunnen mutanen ƙasar Hausa ya saba da wannan gini, domin Ishiriniyar Alfazazi da ake rerawa a zauruka da wuraren maulidi tare da tahamisin Ibn Mahib ake karanta ta.

Sakamakon a Tabbat Haƙiƙa shi ne baiti mai ɗango huɗu da suke amsa wa juna da sauti ɗaya, sannan na biyar ya fita daga cikinsu ya koma inda na biyar ɗin baitin baya ya sauka. Sautin ciki yana canzawa kamar yadda laifi da mai laifi suke canzawa. Yanzu ana zancen fada, an jima ana zancen majalisar alƙali, kowanne da nasa amon. Na waje ba ya canzawa. Ginin baitin da kansa yana faɗin abin da malamin yake son a ji, cewa hanyoyin mutane a duniya daban-daban ne, wurin tsayuwa kuwa ɗaya. Tahamisin ya kuma ƙara wani abu da ƙwar biyu ba ta da shi, wato jira. Da, mai sauraro ɗango ɗaya yake ji kafin hukunci ya zo. Yanzu sai ya ji huɗu, ana ta zayyana halin mutumin, shi kuwa ya san abin da ke tafe, yana jiransa.

Wannan ya kawo zance kan maimaici, wanda shi ne ƙashin bayan waƙar. Amsa-amo gaɓa ɗaya yake dawo da ita. Abin da aka yi a nan ya wuce haka, kalmomi biyu cur ake dawo da su a ƙarshen baiti bayan baiti. Amfaninsa na farko a fili yake: wanda bai taɓa jin waƙar ba, kafin a yi baiti uku ya haddace ƙarshenta, ya fara amsawa. Taron da ya zo saurare sai ya zama taron masu tabbatarwa. Hakimin da yake zaune a wurin, idan aka zo baitin masu mulki, da bakinsa zai amsa, ko ya ji na kusa da shi sun amsa. Wa'azin da mutum ɗaya yake yi ana iya cewa ra'ayinsa ne. Wanda jama'a ta amsa ya zama shaida.

Na biyu, maimaicin yana daidaita mutane. Ba a keɓe wa sarki wata rufewa mai laushi aka ba talaka mai kaushi ba. Kalmomin da aka rufe baitin mai ƙaramin laifi da su, da su aka rufe na mai rawani. A ƙasar da ake cire takalmi tun daga nesa a durƙusa kafin a yi wa babba magana, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma daga gidan da ya fi kowane gida girma a daular ya fito.

Akwai wani maimaicin da ya fi wannan ɓoyuwa, na aikatau. A wasu baitocin, aikin da mutum ya yi wa ɗan'uwansa shi ake juyo masa da shi. Wanda ya bautar da ɗa, wuta ce za ta bautar da shi. Kalma ɗaya ta fito sau biyu, karon farko shi ne mai yi, karo na biyu shi ake yi wa. Ba a buƙatar dogon bayani kan adalcin sakamako, nahawun jimlar ya riga ya yi bayanin. Ga kuma yadda baitoci da yawa suke buɗewa da siga iri ɗaya ta sharaɗi, a ambaci mai aikin, a ambaci aikin, sannan sakamako ya biyo. Mai sauraro yakan koyi wannan tsari har ya iya sa kansa a ciki, ya auna nasa laifin da ba a ambata ba. Ɗangambo ya ba irin wannan salo suna a cikin tsarinsa na feɗe waƙa, ya kira shi jaddadar ƙarfafawa.

Mutanen da aka yi wa waƙar ba baƙi ba ne ga wannan salo. Alƙur'ani ba waƙa ba ne, shi da kansa ya kore hakan, kuma babu malamin da zai haɗa su. Amma kunnen da ya tashi da allo ya san Suratur Rahman, mai ayoyi 78, inda aya ɗaya take dawowa sau 31, tana ratsa ambaton ni'imomi da na wuta da na aljanna. Ya san Suratul Mursalat, mai ayoyi 50, inda ayar gargaɗi ga masu ƙaryatawa take dawowa sau 10. Dukansu surori ne da zancen ranar sakamako ya cika su. Ɗan makarantar allo yana riskar Mursalat tun yana cikin ƙananan izifai, domin daga ƙarshen Littafin ake fara masa. Don haka tun yana yaro ya san cewa idan ana zancen lahira, akwai maganar da ake faɗa a sake faɗa. Malaman da suka tsara waƙoƙin wa'azi da wannan kunnen suke magana.

Dalilin kuwa yana cikin irin cutar da wa'azi yake magani. Babu baligin da bai san zai mutu ba. Wanda ya raka gawa da safe ya sani, amma kafin la'asar ya koma tauye mudu. Malamai suna kiran wannan gafala, kuma ba a maganinta da sabon bayani, sai da tunatarwa. Waƙar da take son ta ilmantar tana iya faɗin abu sau ɗaya ta wuce. Wadda take son ta farkar dole ta taɓa wuri ɗaya sau da yawa. Har jerin sunayen da ake yawan samu a irin waɗannan waƙoƙi wannan aikin yake yi. Idan mawaƙi ya jero wuta bakwai, Jahannama da Laza da Huɗama da Sa'ira da Saƙara da Jahimu da Hawiya, abu ɗaya yake faɗa sau bakwai da sauti bakwai, kowane suna yana ƙara wa na bayansa nauyi.

Mai karatun yau yana iya cewa abin ya yi yawa, kuma wani lokacin yana da gaskiya. Akwai waƙoƙin wa'azi da suka ɗauki rufewa mai dawowa amma ba su da sabon abin faɗa a tsakani, sai baiti na talatin ya zama na uku da aka sake wa riga. A irin wannan, maimaici yakan sa barci maimakon farkawa. Abin da ya tsare Tabbat Haƙiƙa daga haka shi ne kowane baiti yana kawo wani mutum daban da wani aiki daban, abin da ake gani a kasuwa da fada da gona. Ƙarshen ne kawai ya tsaya cik, sauran duk tafiya suke yi. Kuma ba tsoro kaɗai waɗannan waƙoƙi suke sayarwa ba. Al'adar malamai ita ce a haɗa tsoro da fata, shi ya sa mai waƙar da ya gama da wuta yakan juya ga tafkin Alkausara da ceto da Firdausi, ya rufe da salati da roƙon gafara ga kansa da iyayensa da masu saurare. Sai dai duk wanda ya saurari da yawa daga cikinsu zai lura cewa harshen mawaƙan ya fi kaifi a baitocin azaba. Ni'ima iri ɗaya ake kwatanta ta, azaba kuwa kowa da yadda yake hango ta.

Ƙarni na 20 bai yar da waɗannan kayan aiki ba. Aliyu Namangi na Zariya, makahon malamin da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa, ya gina Imfiraji da baitoci masu ɗango biyar, ya cika ta da zancen ruɗin duniya da mutuwa da abin da ke bayanta. Abin sha'awa, amon da ya ɗora ta a kai na caji ne, kiɗan da samari da 'yan mata suke rawa da shi a lokacin. Ya ɗauki abin da ya riga ya zauna a kunnen mutane ya zuba masa wa'azi, kuma shi da bai taɓa dogara da takarda ba ya fi kowa sanin abin da kari yake yi wa hadda. Mu'azu Haɗeja kuma ya ɗauki dabarar rufe baiti da kalma ɗaya ya juya ta ga cututtukan zamaninsa. A waƙarsa ta giya da ta karuwa, abin da yake yaƙa shi ne kalmar da baitoci suke sauka a kanta, har mai sauraro ya gaji da jin sunan abin, wanda kuma shi ne abin da mawaƙin yake so.

Matsalar da ta taso daga baya ta rubutu ce. Ajami yana nuna dogon wasali da alifi da wawu da ya, don haka mai karanta tsohon rubutu yana ganin nauyin gaɓa da idonsa. Boko na yau da kullum ba ya nunawa. "Fari" na launi da "fari" na rashin ruwa da "fari" na somawa duk rubutunsu ɗaya, alhali a baki ba ɗaya suke ba. Ɗalibin da aka miƙa wa waƙar ƙarni na 19 a bugun boko, cike da Sakkwatanci da kalmomin Larabci da bai saba ji ba, ba shi da yadda zai san inda zai ja da inda zai taƙaita. Sai ya karanta ta kamar labarin jarida, kari ya ɓace, tahamisi ya zama layuka biyar kawai, rufewar da take dawowa ta zama abin da ido yake tsallakewa domin ya riga ya gan ta a sama. Daga nan sai a ba shi ma'anar zihafi da illa ya haddace don jarrabawa, ya ci, ya fita bai taɓa jin abin da ake aunawa ba.

Gyaran ba shi da tsada. Har yanzu akwai masu rera waɗannan waƙoƙi yadda suka gada, a Sakkwato da Gwandu da Zariya da Kano, cikinsu har da tsofaffin mata da makafi masu bara da baitocin wa'azi, kuma gidajen rediyon Arewa sun daɗe suna sa irinsu, musamman da azumi. Malamin Hausa da zai koyar da aruli yana iya fara darasi da muryar ɗaya daga cikinsu a wayarsa, ya sa ɗalibai su tafa dogayen gaɓoɓi su ƙyale gajeru, kafin ya rubuta faa'ilaatun a allo. Masu buga littattafan waƙa kuma suna iya ruɓa dogon wasali a rubutu, kamar yadda manazarta suke yi a takardunsu, su ajiye hoton ajamin a shafin da ke fuskantar bokon. Sassan Hausa na jami'o'in Bayero da Usmanu Ɗanfodiyo da Ahmadu Bello suna da ɗaliban da za su iya zagaya masu rerawar nan su naɗi muryoyinsu baiti-baiti, tare da sunan wanda kowannensu ya koya a wurinsa, tun waɗanda suka karɓa daga baki suna raye.